Keken hawan dutse mai ƙafa inci 29: yadda za ka gane wanda ya dace da jikinka

Tambaya: Ina zaune a Jos, tsawona santimita 172. Ina so in sayi keken hawan dutse na hannu domin bin hanyoyin burji da hawan tudu ta wajen Lamingo da tsaunukan Shere. Na ga guda biyu, dukkansu masu ƙafa inci 29. Ɗaya an rubuta masa L, wato babba, kayan jikinsa sun fi kyau kuma ya fi araha, ɗayan kuma M ne, wato matsakaici. Mai sayarwa ya ce in ɗauki babban a sauke mini sirdi, wani abokina kuma ya ce 29 na dogayen mutane ne, in nemi 26. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, maganar abokinka da ta mai sayarwar duk ba su cika ba, amma ta mai sayarwar ce za ta fi cutar da kai idan ka bi ta. Mutum mai tsawon santimita 172 yana hawan keke mai ƙafa inci 29 ba tare da wata matsala ba, matuƙar firam ɗin, wato gangar jikin keken, an ƙera shi daidai da irin tsawonsa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauki firam da ya yi wa mutum girma a ce sauke sirdi zai gyara shi. Giya da birki da taya duk ana canja su a hankali idan hali ya samu, amma tsawon firam yadda ka saye shi haka zai zauna har ranar da za ka rabu da keken, saboda haka a kansa ya kamata hankalinka ya tsaya kafin ka dubi ƙyallin kayan da aka ɗaura masa.

Bari mu fara kawar da batun ƙafa, tunda shi ya fi sauƙi. Rim ɗin ƙafa inci 29 faɗinsa milimita 622 ne, na inci 27.5 milimita 584, na inci 26 kuma milimita 559, kuma sai an ɗora taya mai kauri a kan rim ɗin farko ne tsayin ƙafar ke kaiwa kusan inci 29. Rim ɗin kansa ba sabon abu ba ne, domin shi ne kekunan tsere na kwalta suka daɗe suna amfani da shi. Abin da ya kawo shi cikin kekunan dutse shi ne tayar Nano Raptor da kamfanin WTB na Amurka ya fitar a 1999, sannan kamfanin Gary Fisher ya fara sayar da irin waɗannan kekuna da yawa a farkon shekarun 2000. An daɗe ana yi musu kallon kekuna masu nauyin juyawa, har zuwa lokacin da Jaroslav Kulhavy, ɗan ƙasar Cek, ya ci gasar duniya a 2011 kuma ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012 a kan keke mai ƙafa 29. Daga nan gardamar ta fara mutuwa, kuma a yau yawancin sababbin kekunan dutse na manya da wannan ƙafa ake yin su.

Amfaninta a irin ƙasarmu a fili yake. Duk wanda ya taɓa tura baro ya ga yadda ƙaramar ƙafarsa ke cijewa a bakin ɗan ramin da amalanke zai haye ko gezau, kuma haka abin yake a keke: babbar ƙafa tana tarar dutse ko rami a kwance, ta hau shi maimakon ta buge shi. A hanyar burji mai gargada, da wuraren da ruwan damina ya zaizaye ya bar tsakuwa a waje, da kan duwatsun da suka cika kewayen Jos, wannan bambanci yana rage gajiyar hannu da baya, yana kuma sa keken ya riƙe gudunsa. Akwai wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba. Da yake tsakiyar ƙafar 29 ta fi ta 26 nisa daga ƙasa da kusan santimita 3, amma cibiyar feda, wato wurin da hannayen feda ke juyawa a ƙasan firam, tana nan kusan inda take, sai mahayi ya kasance a nutse tsakanin ƙafafun biyu. A keken da ba shi da shakazoba a baya, cibiyar feda takan sauka ƙasa da layin tsakiyar ƙafafu da wajen milimita 55 zuwa 65, kuma wannan ne ya sa keken ba ya saurin kifar da mutum ta gaba a gangara.

Tana da nata kuɗin da ake biya. Ta fi nauyi, tashi daga tsaye ya fi jan ƙarfi, kuma da yake sifokinta sun fi tsawo, ƙafa mai arha tana saurin karkacewa idan ta sha duka ta gefe. Don haka ka nemi rim mai bango biyu da sifoki 32. Kekunan da aka yi daga wajen 2015 zuwa yau da yawansu suna da hob, wato cibiyar ƙafa, mai faɗi da ake kira Boost, milimita 148 a baya da 110 a gaba, wanda aka ƙirƙira domin ƙara wa babbar ƙafa ƙarfi, amma rashinsa ba dalilin ƙin keke ba ne ga irin hawan da ka bayyana. Abin da zai fi shafar ka shi ne giya. Juyi ɗaya na ƙafar 29 yana cin kusan mita 2.3, na 26 kuma kusan mita 2.1, wato giyar da take da sauƙi a kan ƙaramar ƙafa za ta yi tauri da kusan kashi ɗaya cikin goma a kan babba. Ga mai hawan Shere, inda tudu yake tudu, ka ƙirga haƙora: faranti mai haƙora 30 a gaba da babban firwil mai 46 ko fiye a baya, ko kuma, idan keken mai faranti biyu ko uku ne, ƙarami mai 22 da 34 ko 36 a baya.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne ga gajerun mutane sosai. Idan tsawon mutum bai kai wajen santimita 160 ba, yana da wuya a cusa manyan ƙafafu biyu a ƙaramin firam ba tare da kan keken ya yi sama da yawa ba, ko ƙafar baya ta riƙa taɓa mazaunin mahayi a gangara mai tsanani. Shi ya sa kamfanoni irin su Trek suke sa ƙafa 27.5 a ƙananan firam na keken Marlin, su sa 29 daga M zuwa sama. Kai ba ka cikin wannan rukuni.

Yanzu ga maganar mai sayarwa. Sirdi yana hawa da sauka ne domin tsawon ƙafarka, shi ke nan aikinsa. Idan firam ya yi maka girma, ba tsayi kaɗai ya ƙaru ba, har da nisan da ke tsakaninka da kan keken, da tsayin wuyan keken, wato bututun gaba na firam, da tazarar da ke tsakanin ƙafafun biyu. Ka sauke sirdi ƙafarka ta kai feda, amma hannuwanka suna miƙe har gwiwar hannu ta ɗaure, nauyinka ya koma baya, tayar gaba ta rasa abin da zai danne ta, kuma a kan tsakuwa ko jar ƙasa mai santsi tayar gaba da ba ta da nauyi a kanta ita ce ke zamewa a kwana ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya hau irin wannan keke yakan dawo da ciwon wuya da na tsakanin kafaɗu da mutuwar yatsu, ya ɗauka rashin sabo ne, alhali sabo ba zai magance shi ba.

Sai dai kada ka yanke hukunci da harafin da aka liƙa. Babu wata doka da ta tilasta wa kamfanoni ma'auni ɗaya, M na wani kamfani yana iya zama L na wani, kuma ko a kamfani guda L na shekarar 2013 da L na 2022 ba su yi kama ba. Tsohon lissafin inci 17 ko 19 ma tsawon bututun sirdi kawai yake faɗa. Ma'auni biyu ne suke gaya maka gaskiyar girman firam, kuma dukkansu daga cibiyar feda ake auna su zuwa tsakiyar saman wuyan keke, wato bututun da fok ke ratsawa. Na farko shi ne miƙa, wanda masu harkar ke kira ric: nisan da ke tsakanin wuraren biyu a kwance. Na biyu shi ne tashi, wanda suke kira sitak: nisan da ke tsakaninsu a tsaye. Dalilin da ya sa ake farawa daga cibiyar feda shi ne a wuri mai wuya ba a zaune ake tuƙa keken dutse ba, a tsaye ake a kan feda, don haka abin da jikinka ya sani shi ne inda ƙafarka take da inda hannunka yake.

Idan an san sunan keken da shekararsa, jadawalin ma'auninsa yakan samu a shafin kamfanin. Kekunan gwanjo kuwa sau da yawa fenti ya goge ko an sake shi, don haka ka tafi da tef na awo ka auna da kanka, aikin minti biyar ne. Ka sami daɓe mai daidaito, ka tsayar da keken a miƙe tayar baya tana taɓa bango, wani ya riƙe maka shi, ƙafar gaba tana kallon gaba sak. Ka auna daga bango zuwa tsakiyar cibiyar feda, tef ɗin a kwance, ka rubuta. Ka sake aunawa daga bango zuwa tsakiyar saman wuya, daidai inda firam ya ƙare kafin zobban da ke ƙarƙashin sitem, wato guntun ƙarfen da ke riƙe da kan keke. Ka debe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne miƙa. Haka za ka yi daga ƙasa zuwa wuraren biyu ka sami tashi. Mai sayarwar da ya hana ka wannan awo ya riga ya ba ka amsa.

Ga mai tsawonka, a keken zamani mai gajeren sitem na milimita 40 zuwa 60, miƙa tsakanin milimita 430 da 455 shi ne inda zan sa ka fara nema. Da zarar ya haura 470, ya yi maka tsawo, sai fa idan hannuwanka da gangar jikinka dogaye ne fiye da na yawancin masu tsawonka. A tsohon yayi kuma, wato yawancin kekunan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 2010, da ma wasu masu sauƙin kuɗi na bayan nan, M yakan zo da miƙa na milimita 400 zuwa 420 tare da dogon sitem na 80 zuwa 100. Sauyin ya yi ƙarfi ne bayan kamfanin Mondraker na Sifaniya ya fito da tsarin dogon firam da gajeren sitem a wajen 2012, sauran kamfanoni suka bi a hankali. Wannan ne ya sa ban ce maka kai tsaye ka watsar da babban ba: idan L ɗin tsohon yayi ne, miƙarsa tana iya zama 440, daidai da M na yau, kuma da gajeren sitem yana iya zauna maka. To amma tsohon L yana zuwa da dogon bututun sirdi, na milimita 480 zuwa 510, da sandar sama mai tsayi, kuma a nan ne yawanci yake faɗuwa jarrabawa.

Ga yadda za ka gane. Ka cire takalmi, ka jingina bayanka da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama da ɗan ƙarfi kamar yadda sirdi zai danna, gefensa ɗaya yana manne da bango, sannan a yi alama a saman littafin a auna zuwa ƙasa. A ce an sami santimita 80. Ka ninka da 0.883, ka sami kusan santimita 70.5, kuma wannan shi ne nisan da za ka fara gwadawa daga tsakiyar cibiyar feda zuwa saman sirdi. Hanyar tabbatarwa ita ce ka zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, ta yadda idan ka mayar da tafin ƙafa wurinsa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Idan ka daidaita sirdin babban keken a wannan tsayi ka ga sandar sirdi ɗan kaɗan ce ta rage a waje, to ba ka da wurin sauke shi idan ka zo gangara mai duwatsu, kuma ba za ka iya sa sandar nan mai sauka da tashi da maɓalli ba in ka so daga baya. A ganina wannan sanda tana cikin abubuwan da suka fi ƙara wa mahayi aminci a gangara, don haka ka duba ko bututun sirdi mai faɗin milimita 30.9 ne ko 31.6, domin su aka fi samun irinta a kansu. Bayan haka ka tsaya da ƙafafunka biyu a ƙasa sandar sama tana tsakaninsu, da takalmin da za ka riƙa hawa da shi. Ya kamata a sami sarari na kamar yatsu uku, saboda ranar da za ka dira ba shiri a kan tudu, ƙasan da ƙafarka za ta tarar ba daɓe ba ne.

Tashi yana da muhimmanci na musamman a keke mai ƙafa 29, domin babbar ƙafa da dogon fok suna ɗaga gaban keken. A M yakan kasance wajen milimita 600 zuwa 625. Idan ya yi yawa, kan keken zai fi sirdinka tsayi sosai, ka zauna a miƙe, kuma da ka fara hawan tudu mai tsanani ƙafar gaba ta riƙa ɗagawa tana yawo hagu da dama. Ga irin hawanka, mariƙan hannu su kasance daidai da tsayin sirdi, ko sama ko ƙasa da shi da santimita biyu zuwa uku. Ana iya sauke su ta hanyar mayar da zobban ƙarƙashin sitem zuwa samansa, ko a juya sitem ɗin ya kalli ƙasa, ko a sa kai marar tudu. Ka kuma sani cewa da yake wuya a karkace yake zuwa baya, duk milimita 10 da ka ɗaga kan keke yana matso da shi kusa da kai da kusan milimita 4.

Karkatar bututun sirdi ita ce ta uku da ake haɗawa da miƙa da tashi, domin ita ke nuna yadda keken zai kasance idan kana zaune. Tsofaffi sukan zo da digiri 72 zuwa 73, sababbi 75 zuwa 77, kuma a tsayin sirdi irin naka kowane digiri ɗaya yana matsar da mazauninka da kusan milimita 12. Shi ya sa sabon keke mai doguwar miƙa ba ya jin tsawo a zaune, saboda sirdin ya matso gaba. Bututun da ya fi miƙewa tsaye yana taimakawa a hawan tudu, yana ɗora ka a saman feda, amma a doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana ƙara nauyi a tafin hannu. Ga wanda zai haɗa burji da tudu, digiri 74 zuwa 75.5 ya isa.

Karkatar wuya kuma ita ke tsara halin tuƙi. Kekunan 29 na farko an yi su da wuya a miƙe, digiri 71 har zuwa 72, domin a rage nauyin juyawarsu, sai suka zama masu saurin amsa hannu a fili amma masu firgitarwa a gangara, inda mahayi ke ji kamar za a tunkuɗa shi ta saman kai. Na yau masu shakazoba mai nutsewa milimita 100 zuwa 120 suna tsakanin digiri 66 da 68.5, kuma nan ne wurinka. Waɗanda suka sauka ƙasa da 65 an yi su ne domin gangara mai tsanani da gudu. Suna da kyan gani, amma a hawan tudu a hankali, ko a cikin yashi, kan keken yana faɗawa gefe da kansa, mahayi ya yi ta kokawa da shi. Ina ganin kuskure ne mutum ya sayi keken gasar gangara alhali kashi mafi yawa na tafiyarsa burji ne. Akwai kuma 'yar tazarar da tsakiyar ƙafar gaba ke fita gaban layin wuya, wadda a fok na 29 takan zama milimita 51 ko 44. Ta 51 ta samo asali ne daga tsarin G2 na Gary Fisher, kekunan zamani da yawa kuma sun koma 44. Ba abin da zai hana ka barci ba ne, sai dai idan za ka canja fok wata rana ka nemi irin wanda firam ɗin ya zo da shi. Ƙarafan baya da ke tsakanin cibiyar feda da hob, milimita 430 zuwa 445 daidai ne, kada ka ɓata lokaci a kansu.

Awo yana rage maka zaɓi ne kawai, hawa shi ke yanke hukunci, kuma zagaye ɗaya a gaban shago bai isa ba. Ka daidaita sirdi tukuna, domin keken da sirdinsa ke ƙasa yana ɓoye girmansa. Ka tashi tsaye a kan feda, ƙafafu a daidaice ɗaya gaba ɗaya baya, ka saki jiki: nauyinka ya kasance a ƙafa, hannu yana riƙe da kai ba tare da ka dogara a kansa ko ka rataya ba, gwiwar hannu a lanƙwashe, haɓarka tana kusan saman sitem. Ka yi ƙaramar da'ira a hankali ta hagu da ta dama. Idan hannun da ke waje ya miƙe har kafaɗarka ta bi shi, keken ya yi tsawo, idan kuma gwiwarka tana bugun kai ko bakin takalminka yana taɓa tayar gaba, ya yi gajarta. Ka gwada ɗaga ƙafar gaba ka hau gefen kwalbati ko ɗan dutse, domin firam da ya yi wa mutum girma ba ya yarda a ɗaga gabansa sai da wahala. Daga ƙarshe ka nemi tudu ka hau a zaune, ka sauko a tsaye kana kama birki.

Gyaran da za a iya yi bayan saye yana da iyaka. Sitem ana iya ƙara shi ko rage shi da milimita 10 zuwa 20 ba tare da an ɓata tuƙi ba, kuma ba ya yin ƙasa da wajen 35. Sirdi yana matsawa gaba ko baya a kan ƙarafansa, amma wannan domin gwiwa da daidaiton zama ne, ba domin cike giɓin firam ba. Hannun feda na milimita 170 ya fi dacewa da kai a kan 175 da manyan firam ke zuwa da shi, kuma yana rage bugun duwatsu. Idan ka faɗa tsakanin girma biyu a keken zamani, ƙaramin ya fi sauƙin gyara a kan babban.

Da yake na hannu za ka saya, akwai abin da ke ɓata duk wannan lissafi, wato fok da ba nasa ba. Kekunan gwanjo da yawa haɗe-haɗe ne. Fok da ya fi na asali tsawo da milimita 20 yana kwantar da wuya da kusan digiri ɗaya, ya ɗaga cibiyar feda, ya kuma ɗora wa wuyan nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne fok na 27.5 da aka cusa wa ƙafar 29: a tsaye ba a ganin komai, amma ranar da shakazoba ta nutse har ƙarshe taya za ta ci saman fok ta tsaya cak. Ka danna gaban keken da dukkan nauyinka ka duba sararin da ya rage. Ka goge ƙura ka duba bakin walda da fitilar waya, musamman ƙarƙashin wuya inda babban bututu ya haɗu da shi, da bayan cibiyar feda, da saman bututun sirdi. Tsaga a alminiyam takan fito kamar siririn gashi baƙi a gefen walda, kuma firam ɗin alminiyam da aka sake yi wa walda a bakin hanya ba abin dogaro ba ne, domin zafi yana raunana wurin sai an sake gasa shi a masana'anta. Firam ɗin kabon na hannu ban ba ka shawarar saye ba, saboda yana ɓoye rauninsa a ciki. Haka mai shakazoba a baya: ƙurar hunturu tana cinye boris da robobinsa, masu gyaransa kuma ba su da yawa, don haka mai shakazoba a gaba kaɗai ya fi maka kwanciyar hankali.

Kafin ka biya kuɗi ka zagaya wurin masu sayar da kayan keke ka tabbatar za ka sami taya da tif na 29, domin na 26 ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Kada a ba ka tayar tsohon keken nan na Raleigh ko Phoenix mai inci 28 a ce za ta shiga: rim ɗinta milimita 635 ne, ya fi na 29 girma duk da lambar tana nuna akasin haka. A ɗaya ɓangaren kuma, tayoyin da ke zuwa daga Jamus an rubuta musu 28 sau da yawa 622 ne. Mafita ita ce ka karanta ƙananan lambobin da ke gefen taya, irin su 57-622, inda ta farko ke nuna kaurin taya ta biyu kuma faɗin rim. Kauri na inci 2.2 zuwa 2.35 ya dace da hanyoyinka. Ƙaya kuwa, ta bagaruwa da tsidau, ba ta san girman ƙafa ba, kuma maganinta shi ne taya marar tif mai ruwan toshe huda a ciki, idan rim ɗin ya yarda, sai dai zafin ƙasarmu yana busar da ruwan cikin 'yan watanni, dole a riƙa ƙarawa. Kada ka bar mai faci ya cika maka iska har taya ta zama dutse. Ga mutum mai nauyin kilo 70, fam 28 zuwa 32 a ma'aunin iska (PSI) da tif ya wadatar, ba tif kuma 22 zuwa 26, kuma iska mai yawa tana kashe rabin amfanin babbar ƙafar da ka saya.

Game da kekunan nan biyu, ka auna su duka. Idan miƙar L ta haura milimita 470, ko bututun sirdinsa ya wuce 470, ko sandar sama tana taɓa ka a tsaye, ka bar shi komai kyan kayansa, ka ɗauki M ka riƙa inganta shi, ka fara da taya da birki. Idan ka saya, kada ka yi gaggawar yanke komai. Sababbin kan keke sukan zo da faɗin milimita 760 zuwa 800, kai kuma mai yiwuwa 740 zuwa 760 ne zai dace da kafaɗunka, amma ka fara matsar da mariƙan hannu da birki ciki ka yi makonni kana hawa a haka, sannan in ka tabbata a rage milimita 5 a kowane gefe. Bututun fok da ya fito saman sitem ma ka bar shi da zobbansa har sai ka gama gano tsayin da bayanka da wuyanka suka amince da shi, kuma duk lokacin da za ka gyara wani abu ka canja guda ɗaya kawai ka rubuta tsohon awon, domin ka iya komawa idan sabon bai yi ba.